Na'urar gano ƙarya: wa za ta kama a Doguwa, kuma wa zai riƙe wayarta?



Yau zan saɓa wa wasu daga cikinmu, kuma gara in faɗa tun daga farko don kada wani ya karanta rabi ya ce na sauya sheƙa. Ina nan inda kuka san ni. Amma akwai wata magana da ta fara yawo a majalisunmu, daga Tudun Wada har Riruwai, wadda idan muka bari ta shiga cikin buƙatun da muke kai wa shugabanni, mu da kanmu za mu dawo muna cizon yatsa.

Maganar ita ce wai duk lokacin da za a ɗauki aiki a yankin nan, musamman aikin tsaro, mu dage sai an sa wa kowane mai nema na'urar gano ƙarya. Wani ƙanena a siyasa, yaro mai kishi wanda nake ji da shi, shi ya fara kawo ta muna zaune bayan la'asar. Ya ce, "Yaya, ai an wuce zamanin a tambayi mutum ya ce wallahi. A ɗaura masa waya kawai, kwamfuta ta faɗi gaskiya." Majalisa ta ɗauka da na'am. Ni ma a lokacin ban musa ba, don na san inda maganar ta fito.

Daga tsoro ta fito, kuma tsoron na gaskiya ne. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta cikin dajin Falgore a shekarun 2015 da 2016 bai manta ba. Direba yana kaiwa bakin dajin sai mota ta yi tsit, kowa ya kama addu'a a zuci. Satar shanu da garkuwa da mutane sun kai matsayin da sai da sojoji suka kafa sansanin horo a cikin dajin zamanin Janar Buratai. Kuma duk wanda ya san harkar ya san ɗan bindiga ba ya shiga gari da ka. Sai da ɗan gari. Wani ne yake gaya masa wane ya sayar da masara, wane ya dawo daga kasuwar shanu da kuɗi a aljihu, wane gida ne ba namiji a daren nan. To yanzu da gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar masu gadin daji a watan Mayun 2025, jihar Kano kuma ta yi dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a shekarar ta 2025, tambayar ƙanen nawa tana kan hanya: ya za a yi kada mu ba infoma kaki da bindiga da albashi?

Tambaya ce mai kyau. Amsar ce ba ta yi ba.

Mu fara da ita kanta na'urar, don yawancin masu yabonta a fim suka gan ta. Sunan da aka ba ta ya fi ƙarfinta. Ba ta jin ƙarya, ba ta ganin zuciya. Abin da ake yi shi ne a zaunar da kai a kujera, a ɗaura maka wasu robobi biyu a ƙirji da ciki don auna numfashi, a naɗa maka irin abin da ake auna hawan jini da shi a asibiti, a maƙala maka wasu 'yan ƙarafa a yatsu don auna gumi. Sai mai gwajin ya riƙa jefo tambayoyi, kai kuma ba abin da za ka ce sai e ko a'a. Layuka suna hawa suna sauka a fuskar kwamfuta. Shi ke nan. Numfashi, bugun jini, gumi. Daga nan mutum ne, ɗan Adam mai cin tuwo irina da irinka, zai dubi layukan ya yanke cewa wannan hawan na ƙarya ne, wancan na fargaba ne kawai.

Akwai ma wata dabara a cikin tambayoyin da ya kamata ku sani. Ana haɗa tambayar da ake nema da wata tambaya ta tarko. Misali a ce maka, "Ka taɓa yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya a rayuwarka?" An san kowa ya taɓa, kuma an san za ka ji nauyin amsawa. Sai kuma a ce, "Kana da hulɗa da masu garkuwa da mutane?" Idan jikinka ya fi motsi a tambayar farko, sai a ce mai gaskiya ne. Idan ya fi motsi a ta biyu, an kama ka. Yanzu don Allah ku saka kanku a kujerar nan. Yaron da aka taɓa sace kawunsa, aka sayar da gonar gidansu aka biya fansa, ka ambaci masu garkuwa a gabansa yana ɗaure da wayoyi, ya kake zaton zuciyarsa za ta yi? Shi kuwa wanda ya saba shiga daji ya fito ya zauna cikin mutane yana shan shayi ana zagin ɓarayi yana taya zagi, me zai sa gumi ya keto masa? Ai sana'arsa ke nan.

Ba ni na ƙirƙiro wannan suka ba. Amurka ce ta haifi na'urar. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa ta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1921. Shekara biyu kacal bayan nan, a 1923, wata kotu a Washington ta ƙi karɓar sakamakon irin wannan gwaji a matsayin hujja, a shari'ar da ake kira ta Frye. Kamfanonin Amurka sun shafe shekaru suna sa masu neman aiki a kujerar nan, har abin ya ishi jama'a, majalisarsu ta yi doka a 1988 ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu yin haka. Gaskiya ne dokar ta bar wa gwamnati da kamfanonin tsaro ƙofa, kuma hukumomin leƙen asirinsu har gobe suna amfani da ita. To amma mu duba abin da ta tsinana musu a can ɗin.

Aldrich Ames babban jami'i ne a hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA. Tun 1985 yake sayar wa Tarayyar Sobiyet sirrin ƙasarsa, har aka kashe mutanen da suke yi wa Amurka aiki a ɓoye saboda sunayen da ya bayar. An sa shi a na'urar a 1986, ya wuce. An sake sa shi a 1991, ya sake wucewa. Sai a 1994 aka kama shi, kuma abin da ya tona masa asiri shi ne bin diddigin kuɗi: gidan da ya saya kuɗi hannu, motar alfarma da yake hawa, da ajiyar banki da ta fi ƙarfin albashinsa. Wato irin abin da kowace tsohuwa a Dogon Kawo za ta lura da shi idan yaron maƙwabta da ba ya noma ba ya kasuwa ya wayi gari da sabon babur da babbar waya. Haka wani mai suna Gary Ridgway, wanda daga baya ya amsa laifin kashe mata 48 a 2003. An gwada shi da na'urar tun 1984, ya wuce lafiya lau, ya koma ya ci gaba da ta'asarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a rahotonta na 2003. Suka ce a ɗauka ana da ma'aikata 10,000, a cikinsu akwai maciya amana 10. A kuma yi wa na'urar kyakkyawan zato, a ba ta ingancin da ya fi wanda bincike ya tabbatar mata. Idan aka saita gwajin yadda zai kama 8 daga cikin goman nan, to mutanen kirki 1,598 ne za su faɗi tare da su. Idan kuma aka sassauta don kada a zalunci bayin Allah, masu gaskiyar da za su faɗi su ragu zuwa 39, to maciya amana 2 kawai za a kama, 8 su wuce da takardar shaidar cewa su amintattu ne. Ku sake karanta wannan. Ko dai ka zubar da buhu guda don tsakuwa takwas, ko ka bar tsakuwar ka kuma buga mata hatimi.

Mu dawo da lissafin gida. A ce matasa 1,000 daga Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji suka fito neman aikin gadin daji. A bisa wancan lissafi, kusan 160 daga cikinsu, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, za su koma gida da tambarin sun faɗi gwajin ƙarya. A Amurka wanda ya faɗi sai ya nemi wani aikin a wani gari, ba wanda ya san shi. A nan fa? Kafin yaro ya sauka daga motar da ta dawo da shi, labari ya riga shi isa. Kuma ba za a ce jininsa ne ya hau ba. Za a ce kwamfuta ta nuna yana tare da mutanen daji. Wa zai ba shi 'yarsa? Wa zai ba shi bashin taki? Ranar da aka sake satar shanu a rugar da ke kusa, ƙofar wa za a fara bugawa da tsakar dare?

Mu mutanen Kano ta Kudu bai kamata a koya mana abin da zargi yake haifarwa ba. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida hutun sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Ba kotu, ba shaida, kalma ɗaya ce aka jefa musu ta zama ajalinsu. Mun yi kuka, mun yi rubutu, mun ce zalunci ne. To ya za a yi mu da hannunmu mu nemi a kawo injin da zai riƙa buga wa 'ya'yanmu irin wannan kalma, a kan takardar gwamnati?

Akwai kuma wanda abin zai fi faɗa wa, kuma shi ne wanda aikin ya fi buƙata. Wa ya san Falgore? Wa ya san mashaya, ya san burtali, ya san inda sawu ya ratse, ya san dajin Dansoshiya ta Kiru ciki da bai? Yaron ruga ne da ɗan mafarauci. Su ne kuma waɗanda tun suna yara ganin kaki yake sa gabansu faɗuwa, saboda abin da suka gani an yi wa iyayensu ko suka ji an yi. Ka kai irin wannan yaro birni, ka sa shi a ɗaki mai sanyin na'ura, ga baƙo yana yi masa tambaya da Turanci ko ta bakin tafinta, ga wayoyi a jikinsa kamar za a ja masa lantarki. Wallahi ko sunan mahaifinsa ka tambaye shi sai layin ya yi tsalle. Sai a kore shi, a ɗauki ɗan cikin gari mai baki wanda idan aka sake shi a dajin ko gabas ba zai gane ba.

Na ga irin wannan da idona, ko da yake ba na'ura a wurin. Wata shekara na raka ɗan yayata wajen wata tantancewar ɗaukar aiki, ba sai na faɗi wurin ba. Yaron nan ko kuɗin cefane ka ba shi sai ya dawo maka da canji har na naira goma. Da aka zo kansa, jami'in ya daka masa tsawa ya ce ya faɗi ranar haihuwarsa. Sai yaro ya daskare. Takardar firamare ta ce wata shekara, takardar rantsuwar shekaru da aka yi masa a kotu ta ce wata, uwarsa kuma abin da ta sani shi ne an haife shi da kaka, ana yankan dawa. Ya tsaya yana rawar baki yana kallon ƙasa, don a gidansu ba a koya masa kallon babba ido cikin ido ba. Aka ce ya koma gefe. Wanda ke bayansa a layi kuwa, kowa a garinmu ya san sakamakon jarrabawar da ke hannunsa ba shi ya zauna ya rubuta ba. Ya shiga yana dariya, ya gaisa da jami'ai da Turanci, ya fito yana gyara hula. Da an kawo na'ura ranar, wanne kuke ganin za ta kama?

Maganar ranar haihuwar nan ma kada ku ɗauke ta wasa. Mu nawa ne a karkarar nan katinmu yake cewa an haife mu ranar 1 ga Janairu? Malamin makaranta ne ya dubi tsayinmu ya rubuta. Idan aka tambayi mutum ko duk abin da ya cike a fom gaskiya ne, mai tsoron Allah ne zai tuna wannan ya ji ƙirjinsa ya buga. Wanda bai damu ba ko a jikinsa.

Wani zai ce ai an taɓa yi a Najeriya. E, an taɓa shelantawa. A 2016, lokacin da gwamnatin Buhari ta ba da umarnin ɗaukar 'yan sanda 10,000, mutum fiye da dubu ɗari tara suka nema. A watan Agustan shekarar, rundunar ƙarƙashin Sufeto Janar Ibrahim Idris ta sanar cewa waɗanda suka yi nasara sai sun bi ta gwajin na'urar gano ƙarya. Ku ɗan yi lissafi da ni. Gwajin mutum ɗaya, idan za a yi shi yadda masu shi suka tsara, yana cin kamar awa biyu, da hirar farko da maimaita tambayoyi. Mutum 10,000 awa 20,000 ke nan. Ƙwararre ɗaya da zai yi awa takwas kullum, ba Juma'a ba Lahadi, sai ya shafe kusan shekara bakwai. Ko dai a nemo ƙwararru da yawa, ko a mayar da gwajin na minti biyar, wanda shi da jefa kwabo sama duk ɗaya ne.

Hukumar EFCC ma tun zamanin Ibrahim Lamorde, a 2012, ta ce za ta riƙa sa jami'anta a wannan gwaji. Amma a farkon 2025 ita da kanta ta sanar cewa ta kori jami'anta 27 a shekarar 2024 saboda zamba da rashin ɗa'a. Ban kawo wannan don in ci mutuncin hukumar ba, korar ma abin a yaba ne. Abin da nake nunawa shi ne, ko da na'urar tana aiki, abin da ya wuce kawai take tambaya. Ba ta san abin da mutum zai zama ba ranar da aka ajiye masa jakar kuɗi a gaba, ko ranar da albashi ya yi wata uku bai zo ba, ga bindiga a hannunsa ga daji a bayansa. Mai gadin da aka bari da yunwa, ko mala'ikan na'ura ne ya tantance shi, an bar ƙofa a buɗe.

Sannan ku san duk inda aka ce na'ura, kwangila ce take tafe a baya. Wani Bature ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa ƙasashe wata na'ura da ya ce tana gano bam daga nesa. Iraƙi ta zuba miliyoyin daloli, har maƙwabciyarmu Nijar ta saya. Ashe kwalin roba ne da eriya, an kwaikwayo shi daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf. A 2013 kotun Ingila ta ɗaure shi shekara goma, bayan an yi shekaru ana tsayar da motoci a shingayen Bagadaza da abin banza, bama-bamai suna wucewa. Ban ce na'urar gano ƙarya irin wannan damfara ce ba, ita tana auna abin da take aunawa. Amma wanda yake cikin tsoro shi ne kasuwar mai sayar da inji, kuma mu yanzu muna cikin tsoro.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce mu da kanmu za mu ciji yatsa, don nan ne siyasar take.

A harkar ɗaukar aiki a ƙasar nan, wa yake yin babbar ƙaryar? Yaron da ya rage shekara biyu a takarda, ko wanda ya sanar a rediyo cewa za a ɗauki aiki bisa cancanta alhali jerin sunayen yana aljihunsa tun kafin a buɗe shafin cike fom? Ranar 15 ga Maris 2014 aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowa an karɓi naira 1,000 a hannunsa, guraben ba su kai 5,000 ba, mutane suka mutu a turmutsitsi. A 2023 kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, har wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ta tarayya ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Hukumar da aka kafa don ta tabbatar ɗan Doguwa ya samu rabonsa ke nan fa. A duk waɗannan, wa aka ɗaura wa waya a ƙirji? Kujerar nan kullum talaka ake zaunarwa a kanta. Mai rabon guraben yana tsaye a bayan mai gwajin.

Kuma ku tuna abin da na faɗa a sama: mutum ne yake fassara layukan. Babu wata fitila da take kunnawa ta ce ƙarya. To a ce yau an kawo na'urar sakatariyar ƙaramar hukuma. Wa zai ɗauko mai gwajin? Wa zai biya shi? Wa zai ba shi masauki? Yau idan aka cire sunan yaronmu daga jeri, muna iya zuwa mu buga tebur mu ce ga sakamakonsa, ga takardar shaidarsa ta ƙaramar hukuma, ga tsayinsa ga faɗin ƙirjinsa, a gaya mana dalili. Gobe za a ce mana, "Ranka ya daɗe, ba mu ba ne, na'ura ce ta kayar da shi." Ina za ka ɗaukaka ƙara? Wa ya iya karanta layukan a cikinmu? Mun miƙa wa duk wanda ke riƙe da mulki wata wuƙa da ba ta barin jini. Idan kuna ganin ai namu ne za su riƙe ta, to ku tuna sau nawa kujera ta juya a jihar nan daga 1999 zuwa yau, kuma sau nawa wanda kuka kwana kuna yi wa yaƙi ya wayi gari a wani gidan. Ni dai ba zan goyi bayan a ƙera makamin da ba zan yarda abokin hamayyata ya riƙe ba.

To me za a yi da infoma? Don ban yarda a ce na rushe ban gina ba.

Abin da ya kama Ames shi ne abin da ya kamata mu nema, wato bincike na ƙafa da takarda. A nan Kano mun ga misali. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa kwamiti ya tantance ma'aikata 12,566 da gwamnatin da ta gabata ta ɗauka, aka mayar da 9,332, aka sallami 3,234. Na san a cikin masu karanta wannan akwai mai ganin gyara ne, akwai mai ganin ramuwar gayya ce, kuma ba wannan muhawarar na zo yi yau ba. Abin lura shi ne, dalilan da aka bayar irin waɗanda ake iya dubawa ne: takardar bogi, shekarun da ba su kai ba ko suka wuce, wanda yake ɗalibi aka ba shi aiki. Wanda aka zalunta yana iya ɗauko satifiket ɗinsa ya ce a je WAEC ko NECO a duba. Hujja ce da ake iya ƙaryatawa. Layin gumi ba a iya ƙaryata shi.

Game da hali kuwa, muna da abin da ya fi na'ura tun kafin a haifi Larson. Malamanmu suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da wani ya zo zai yi wa wani shaidar kirki, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. A Zainabi ko Tagwaye ko Maraku, babu saurayin da za a rasa mutum goma da suka cika waɗannan sharuɗɗa a kansa. An san wanda yake ɓacewa kwana uku ba a san inda ya je ba. An san wanda yake sayen burodi da man fetur da katin waya fiye da bukatar gidansu. Matsalar ba rashin sani ba ce. Tsoron faɗa ne, da kuma yadda aka mayar da sa hannun mai unguwa da dagaci abin je-ka-na-yi-ka, a kawo fom da yamma a ce ranka ya daɗe sa hannu, oga ne ya aiko.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: shaidar mutane ma ana sayenta, kuma mai unguwa yana iya hana ɗan wanda suke rigimar gona da shi. Haka ne. Amma mai unguwa yana da suna, yana da gida, gobe za mu haɗu da shi a masallaci da wurin jana'iza. Idan ya tsaya wa ɓarawo, ana iya dawowa kansa. Idan ya hana mai gaskiya, ana iya kai ƙara wurin hakimi. Shi ya sa buƙatar da nake so mu kai ita ce a liƙa sunayen duk waɗanda za a ɗauka a kowace mazaɓa, a bangon makarantar firamare da ƙofar gidan dagaci, tare da sunan wanda ya tsaya wa kowane ɗaya, a bar su sati biyu kafin a ba kowa kaki. A samar da hanyar da mutum zai kai bayani a asirce ba tare da sunansa ya fita ba, amma kada a cire kowa sai an kira shi an gaya masa abin da aka ce, ya kare kansa. A sa ardo a cikin masu tantancewa, a sa sarkin baka, don su suka san wanda ya san daji da wanda daji ya sani. Kuma a rubuta adadin guraben kowace mazaɓa a fili tun kafin a fara, yadda idan mazaɓa goma na Doguwa suka ga rabonsu ya koma gidan mutum uku, ba sai an kawo na'ura ba kafin a gane wanda ya yi ƙarya.

Wannan buƙatar ta fi waccan wahalar karɓuwa a wurin manya, namu da na wasu, kuma kun san dalili. Na'ura ba ta hana kowa rabon silot, ƙara masa mayafi ma take yi. Liƙa suna a bango kuwa yana hanawa. Shi ya sa nake roƙon shugabanninmu na mazaɓu, idan an zauna rubuta takardar buƙatu, a cire maganar na'ura a sa wannan. Wanda yake da ja, ga fili nan, ya kawo hujjarsa da sunansa, zan amsa masa ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa ƙanen nawa da ya fara kawo maganar, na same shi daga baya na ce masa na yarda a kawo na'urar bisa sharaɗi ɗaya: a fara zaunar da masu rabon guraben, daga kansila har sama, a tambaye su ko sun taɓa karɓar kuɗi ko sa sunan ɗan ɗakinsu a gurbin wani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, ai waɗannan ko gezau ba za su yi ba, lafiya lau za su wuce."

Na ce masa to ka gani.